Wai wanda ya girma bai iya girki ba, ya cancanci gori?

Maman Sadiq: Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah ku yi haƙuri da tsawon rubutu, abin ne ya hana ni barci tun shekaranjiya. Ƙanwata aka yi wa aure wata uku kenan, ranar Asabar dangin miji suka zo mata wuni su shida, tun daren Juma'a uwar mijin ta aiko cewa tuwon masara da miyar kuka take sha'awa. Yarinyar nan tun asuba ta tashi, ta yi tankaɗe ta ɗora sanwa ta jajjaga kayan miya, amma da aka zo kwashewa tuwon duk gudaji, miyar kuma kukar ta dunƙule a sama ruwa a ƙasa. Ƙanwar mijin ta ɗaga malmala ɗaya a gaban kowa ta ce wannan ci za a yi ko jifa, suka kwashe da dariya, suka aiki yaro ya siyo musu gurasa suka ci a falonta tana tsaye. Kafin magariba hoton tuwon ya shiga guruf ɗin gidansu. Ta kira ni tana kuka har muryarta ba ta fita.

Abin da ba su sani ba, ko sun sani suka ƙi dubawa, mahaifiyarmu ta rasu tana 'yar shekara 9, ni a lokacin an riga an kai ni ɗakina a Gusau. Baba ya sa ta makarantar kwana shekara 6, daga nan jami'a shekara 5 tana karatun haɗa magunguna, sai bautar ƙasa, sai aure. In ta zo hutu matar babanmu ba ta bari ta taɓa mata tukunya, wanke-wanke da shara kawai. Ta iya shinkafa da miya, ta iya taliya, ta iya soya ƙwai da dankali, tuwo ne dai ba wanda ya taɓa riƙe mata muciya ya nuna mata. To ina tambaya tsakani da Allah, babban mutum da bai iya girki ba, mace ko namiji, ya cancanci a yi masa irin wannan?

Ummu Aisha: Wa alaikumussalam. Innalillahi, har da hoto? Allah ya ba ta haƙuri.

Hajiya Binta: Maman Sadiq zan faɗa miki gaskiya ko da ba za ta yi daɗi ba, ni na haife ki. Abin da suka yi rashin tarbiyya ne, wanda ya ɗauki hoton abincin amarya ya watsa bai san darajar gidansu ba. Amma mace mai shekara 25 ko fiye ta shiga gidan miji Bahaushe ba ta iya tuƙa tuwo ba, wannan abin a yi magana ne, kar mu rufe ido. Mu muna 'yan shekara 10 ake ɗora mu a kan kujera 'yar tsugune a gaban murhu, hayaƙi na shiga ido kina kuka kina tuƙi, tuwon mutum 20 kuma, in ya yi gudaji ke za ki zauna ki cinye. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Sai dai ni ba yarinyar nake tuhuma ba, ku nake tuhuma. An sa rana, an yi wata nawa ana zaryar kasuwa ana haɗa kayan ɗaki, an sayi tukwane jere-jere da kuloli da na'urar markaɗe, ke yayarta ba ki ce ta zo Gusau ta yi sati 3 a kicin ɗinki ba? Ina gwaggonninta, ina innoninta?

Maman Sadiq: Wlh Hajiya maganarki ta shige ni, kuma gaskiya ce. Na tambaye ta ana saura wata ɗaya ta ce min Yaya ina ɗan taɓawa, ni kuma ban bincika ba, hankalina yana kan gado da kujeru da kuɗin gara. Kunya ce ta hana ta faɗa min.

Abban Khalifa: Ni dai a ganina ana son a mayar da abin wasa. Mace in ba ta iya girki ba me ta je yi gidan miji? Digiri ba a ci. Yanzu tun da aka cire tallafin mai a 2023 kowa ya san yadda rayuwa ta koma, kilon gas ya haura dubu, mudun masara mudun shinkafa kowanne da kuɗinsa, mutum ya yi gumi ya kawo cefane a ɓata a zubar, sannan ya sake fita ya sayi na waje? Dole a yi gori, gorin ne zai sa na baya su gyara.

Zainab Kd: Abban Khalifa don Allah tambaya ɗaya, kai ka iya?

Abban Khalifa: Ni namiji ne Malama, aikina in nemo in kawo.

Zainab Kd: Ai tambayar da Maman Sadiq ta yi cewa ta yi mace ko namiji. Kuma yarinyar da ake magana a kai ita ma tana nemowa, albashi take ɗauka. Abin da ke ci min rai kenan a wannan maganar, yunwa ba ta san namiji ba ba ta san mace ba amma gorin kullum gefe ɗaya yake faɗawa. Yayana shekararsa 38, ranar da matarsa ta je Zariya gaisuwar rasuwa ta kwana 2, yaransa uku biredi da shayi suka wuni suna sha har ƙaramar ta fara kuka, sai maƙociya ce ta miƙo musu ɗanwake ta katanga. Ba wanda ya ɗauki hotonsa, tausayinsa ma aka riƙa ji ana cewa Allah sarki an bar shi da yara. Da matar ce ta bar su da yunwa kwana 2 da yanzu an kira iyayenta.

Abban Khalifa: Haka muka taso muka gani, kuma addini ma ya raba wa kowa aikinsa.

Malam Sani: Tunda an ambaci addini bari in sa baki kaɗan, Allah ya sa mu faɗi daidai. Malam Abban Khalifa maganar ba a dunƙule take haka ba. A Risala ta Ibn Abi Zaid da muke karantawa a zaure, an faɗa cewa miji in yana da yalwa to a kansa yake ya samar wa matarsa mai hidima. Malaman Malikiyya sun yi bayani cewa in mijin ba mai hali ba ne, ko ita ba daga gidan da ake yi musu hidima ta fito ba, to hidimar cikin gida irin su girki da shara tana kanta gwargwadon al'adar garin. Kun ga ke nan akwai hidima a kan mace a mafi yawan gidajenmu, ban musa ba. Nana Faɗima da kanta niƙa take yi har hannunta ya yi kanta, ta je neman mai aiki wajen mahaifinta ya koya musu tasbihi kafin barci. Amma kuma an tambayi Nana A'isha me Annabi (SAW) yake yi a gida, ta ce yana cikin hidimar iyalinsa, in lokacin sallah ya yi ya fita. Sannan abin da ya fi dacewa da wannan labarin, hadisin Abu Huraira ne da ke Bukhari da Muslim, cewa Annabi (SAW) bai taɓa aibata abinci ba, in yana so ya ci, in ba ya so ya bari. Ga kuma aya ta 11 a Suratul Hujurat da ta hana wasu su yi wa wasu izgili, har aka ware mata aka ambace su daban. Don haka ko da an ce koyon girki ya hau kanta, ɗaga tuwonta a yi dariya a watsa hoto haramun ne, wanda ya yi ya nemi yafiyarta.

Ummu Aisha: Jazakallahu khairan Malam. Amma ni fa ina son a raba abu biyu, akwai wadda ba ta iya ba akwai wadda ba ta son ta iya. Matar ƙanina shekara 4 da aure, Mama ta ce ta zo ta koya mata ta ƙi, na tura mata bidiyo ba ta buɗewa, wai hayaƙi yana ɓata mata fata alhali gas ne ma a gidan, kullum sai oda a waya mai babur ya kawo a roba, rabin albashin yaron nan a nan yake tafiya har ya fara cin bashi, kuma ba aiki take ba ba karatu ba. Yaronsu ɗan shekara 3 bai san ɗanɗanon miyar gida ba sai ya zo wajenmu. Irin wannan ni kam ina ganin laifinta kuma zan faɗa a gabanta.

Zainab Kd: Wannan na yarda Anti, amma ƙanin naki shi ma hannu biyu gare shi.

Ummu Aisha: Shi ma na faɗa masa, cewa ya yi abokansa za su yi masa dariya.

Nura Injiniya: To ga inda matsalar take, wannan dariyar. Bari in ba ku nawa labarin. Ni har na kai shekara 30 ruwan zafi kaɗai na iya dafawa, a gidanmu mu maza 5 mata 4, in Hajiyarmu ta gan ka a bakin kicin korarka take ta ce fita ko ɗan daudu kake son zama. A jami'a mai shayi da masu garau-garau ne suka riƙe ni. Sai ga kullen korona a 2020, aka rufe Kano a watan Afrilu ana gab da azumi, ina zaune ni kaɗai a ɗakin haya, mai shayin layinmu ya tafi garinsu, masu abinci duk sun rufe. Ga kuɗi a aljihu ga shinkafa rabin buhu da aka ba mu a wajen aiki amma wlh kwana 3 na farko garin kwaki da suga na yi sahur da shi, ga ni da gyambon ciki. Ranar na huɗu na kira Hajiya na ce ki koya min ko in mutu, ta yi shiru sannan ta ce ɗauko tukunya. A waya ta koya min, tana cewa sa yatsa ruwan ya wuce shinkafar da gaɓa ɗaya, rage wuta, kar ka buɗe, na farko ta caɓe na biyu ta kama har ƙauri ya cika gidan, na uku ta yi. Ranar da na yi wake da shinkafa da mai da yaji da hannuna na sha ruwa da shi sai da na yi hawaye.

Bayan na yi aure aka yi wa matata aiki wajen haihuwa, kafin ƙanwarta ta iso daga Katsina kwana 9 ni nake yi mata kunun kanwa da farfesu, maƙocina ya gan ni ina jajjage a turmi ya je majalisa ya ce an shanye ni na zama mijin tace. Kun ga mu maza gorinmu a juye yake, mace ana yi mata don ba ta iya ba, namiji ana yi masa don ya iya. Ta yaya za a gyara a haka?

Hajiya Binta: Allah ya yi maka albarka ɗana. Mu iyaye mata mu muka jawo wannan, ni ma na kori nawa daga kicin, yanzu babban yana aiki a Fatakwal kullum kukansa abinci.

Bash: Abin mamakin ma shi ne duk garin nan wa ke yin tsire da balangu da kilishi? Maza. Wa ke soya indomi da ƙwai a teburin shayi tun daga magariba har ɗayan dare? Maza. Manyan otal-otal kukunsu yawanci maza ne. In na kuɗi ne sana'a ce ba wanda ya ce komai, in na gidanka ne don 'ya'yanka su ci sai ya zama abin kunya.

Abban Khalifa: Wancan neman halak ne, daban. Ni ban ce namiji ya iya laifi ne ba, na ce ba dolensa ba ne. Kuma ku duba fa, aure nawa ne ya mutu a kan abinci? Mutum ya dawo a gajiye a ajiye masa abin da ba ya ciyuwa yau da gobe, ƙarshe ya fara ci a waje, daga nan sai ƙarin aure, sai a ce ya ci amana.

Sista Hauwa: Slm, na daɗe ina karantawa ban yi magana ba. Ni ma'aikaciyar jinya ce, sati ɗaya ina safe sati ɗaya ina dare, na iya girki daidai gwargwado amma masa da alkubus da funkaso ban iya ba kuma ban da lokacin tsayawa kwaɓi ya tashi, ina da mai aiki da nake biya da kuɗina, maigidana ya yarda tun kafin aure, yarana suna ƙoshi. Duk da haka facalolina har yau in an haɗu a gidan suna sai an jefa min magana wai 'yar boko mai ciyar da miji da hannun 'yar aiki. Wa na cuta? Amma zan faɗi wani abu daga abin da nake gani a wajen aiki, don kar a ce ina goyon bayan rashin iyawa. Mutum za a ce masa yana da hawan jini ko ciwon suga, likita ya ce rage gishiri rage magi rage mai, ya ce to ai ni a waje nake ci. Dattijo matarsa ta rasu 'ya'ya sun watse, ba ya iya dama ko kunu, sai abin da aka aiko masa in an tuna. Ɗalibi ya zo da ciwon ciki saboda wata da watanni indomi ce safe da dare. Don haka ni a wajena kowane baligi ya kamata ya iya abinci 4 ko 5 da zai riƙe kansa da wanda ke ƙarƙashinsa, wannan maganar lafiya ce. Gori kuwa ban taɓa ganin wanda ya koya wa girki ba, ɓoyewa yake sa mutum, ga shi nan ƙanwar Maman Sadiq kunya ta sa ta ce wa yayarta tana ɗan taɓawa.

Rabi Maraɗi: Ni ma in ƙara, wai shin mene ne ma iya girkin? Ni daga Maraɗi aka kawo ni Kano, a gidanmu ni ce gwanar dambu da kwaɗon zogale da fura, har maƙwabta ke aiko in dama musu. Na zo nan satin farko aka ce in yi alkubus da miyar taushe irin ta gidansu, ban taɓa yi ba, aka ce amarya ba ta iya komai ba. Wata 6 ina jin wannan maganar. Yanzu uwar mijina in za ta yi baƙi ni take kira in yi mata dambu. Sau da yawa in dangin miji sun ce ba ta iya ba, nufinsu ba ta iya irin na uwarsu ba, kuma kowane gida da hannunsa, wani gidan daddawa da yawa wani kaɗan, wani tuwo da tauri wani da laushi.

Ummu Aisha: Wannan gaskiya ne wlh, ni miyar kukar gidanmu har da wake ake sawa, gidan mijina suka ce ba su san wannan ba.

Zainab Kd: Maman Sadiq ba ki faɗa mana ba, shi mijin me ya ce?

Maman Sadiq: Yana wajen lokacin da abin ya faru, bai yi dariya ba amma bai ce komai ba, shi ya ba da kuɗin gurasar ma. Da dare ya ce mata ta yi haƙuri haka ƙannensa suke. Ta ce min Yaya shirun da ya yi ya fi dariyarsu yi min ciwo. Kuma ya san ba ta iya tuwo ba tun suna neman aure, ta faɗa masa ya ce ba komai za ta koya a hankali.

Nura Injiniya: To ai shi ne babban mai laifi a nan. Ya sani, uwarsa ta aiko a yi tuwo, me zai hana ya ce Hajiya tuwo ba ta gama ƙwarewa ba a bari ta yi muku shinkafa, ko ya ce wa ƙanwar tasa ta zo da wuri su yi tare? Kalma ɗaya daga bakinsa da ba a kai ga hoto ba.

Abban Khalifa: A nan kam na yarda da ku, bai kyauta ba, ni ko me matata ta dafa ba mai ɗaga shi a gabana ya yi dariya. Amma ina nan kan bakana ta koya.

Bash: Ba wanda ya ce kar ta koya Alhaji. Kai ma ka koya.

Hajiya Binta: Ku bar musun haka nan ku ji. Maman Sadiq ki faɗa mata gudaji daga wajen talge yake farawa. Ta dama garin da ruwan sanyi tukuna ya yi sumul ba ƙulli, ruwan tukunya ya tafasa sosai sannan ta zuba tana juyawa ba tsayawa, ta rufe ta bar shi ya dahu har ya fara tsalle yana ƙamshi, masara tana son wuta, in talge bai nuna ba tuwon zai yi ɗanye ko ya kwana bai yi daɗi ba. Sannan ta rage wuta ta riƙa barbaɗa gari kaɗan-kaɗan tana tuƙawa tana danna muciya a jikin tukunya, ba a juye gari gaba ɗaya, in ya haɗe ta yayyafa ruwa ta rufe ya sulala, ta sake tuƙawa sannan ta kwashe. Kuka kuma ba a zuba ta a ruwa yana tafasa da ƙarfi, ta rage wutar ko ta sauke tukunyar, hannu ɗaya na barbaɗawa ɗaya na kaɗawa da maburgi, kuma ta tabbata daddawar ta dahu kafin nan. Amma wannan ba a baki ake koyonsa ba sai hannu ya saba. A wace unguwa take?

Maman Sadiq: Tana wajen Hotoro Hajiya.

Hajiya Binta: Ai kusa ne, ni ina Tarauni. Ki turo min lambarta ta akwatin sirri, in mijin ya amince ta riƙa zuwa min Asabar da Lahadi bayan la'asar, wata ɗaya ya ishe ta tuwo da miya uku in sha Allahu, daga baya mu shiga masa da dambu. Ba sai dangin mijin sun sani ba.

Maman Sadiq: Hajiya na rasa bakin godiya, Allah ya saka da alheri ya jiƙan mahaifa. Yanzu zan kira ta.

Sista Hauwa: Hajiya in da wuri ni ma ranar da ba ni da aiki zan zo na masar.

Bash: Hajiya mu gwauraye fa? Da gaske nake, ni miyar kuɓewa ɗanya nake so in iya.

Hajiya Binta: Kai ka je wajen Nura ya fara nuna maka shinkafa tukuna. Hauwa ki zo, amma ki jiƙa shinkafar tuwo gwangwani 4 tun daren Juma'a ki taho da ita, tanda ina da ita.